Gizo-gizo mai marfi: me ya haɗa shi da daji alhali a cikin ƙasa yake?

Wani ƙanena da ke karatu a Tawa ya turo mini ɗan bidiyo ta WhatsApp. Ana ganin ƙasa da busassun ganyaye, wani ƙwaro na tafiya abinsa, sai kawai ƙasar ta ɗage, gizo-gizo ya cafke shi ya koma ciki, wurin ya rufe ruf. Tambayoyinsa uku ne: gaskiya ne ko haɗin kwamfuta, yana kashe mutum, kuma me ya sa aka rubuta a ƙasan bidiyon cewa saran daji na neman ƙarar da shi, alhali a rami yake zaune ba a kan itace ba? Tun da nazarin ƙwari da danginsu ne aikina a nan Yamai, na ga gara in amsa a fili, don ba shi kaɗai bidiyon ya ruɗa ba.

Ƙanena, gaskiya ne, babu haɗi a ciki. Kuma ba iri ɗaya ba ne, ɗaruruwa ne, a Afirka da Ostareliya da Amurka da kudancin Turai da Asiya. Gizo-gizon da masana suka ba suna a duniya sun haura iri 50,000, mafi yawansu dangin wanda ke yi mana saƙa a kusurwar ɗaki ne, masu fiƙoƙi biyu da ke fuskantar juna. Akwai kuma wani tsohon reshe ƙarami, wajen iri 3,000, da ake kira Mygalomorphae. Su fiƙoƙinsu ƙasa suke kallo, daga sama suke kai sara. Jikinsu kakkaura ne, ƙafafu gajeru masu ƙarfi, ba sa ɗana saƙa a iska. Masu marfin nan daga wannan reshen mafi yawansu suka fito.

Da baki yake haƙa ramin. A gindin fiƙoƙinsa akwai wasu ƴan ƙayoyi gajeru masu tauri, da su yake kankare ƙasa, ya dunƙule ta, ya fito da ita ya wurgar nesa da bakin ramin don kada tarin ƙasa ya tona masa asiri. Wani ramin taƙi ɗaya ne, wani ya fi kamu. In ya gama sai ya daɓe bangon, ya lulluɓe shi da zarensa har ya yi santsi. Daga nan sai marfin, wanda yake yi da ƙasa da zare a gauraye, gefe ɗaya a ɗinke da bakin ramin yadda zai buɗe ya rufe. Wani Bature ɗan Ingila, John Traherne Moggridge, wanda ya yi nazarinsu a garin Menton da ke kudancin Faransa, tun a 1873 ya raba marfin gida biyu: akwai mai kauri wanda gefensa a fiƙe yake, yana shiga bakin ramin ya toshe shi tsam, akwai kuma siriri mai laushi wanda yake kwanciya kawai a kai. Har yau da wannan rabon ake aiki.

In ka samu ka ɗaga marfin babba da tsinke, faɗinsa zai yi kamar ƙwandalar dala ashirin, wani ya fi haka. Samansa ƙasa ce irin ta wurin, da guntayen ganye ko gansakuka da ya manna, shi ya sa kana iya tsugunawa a kansa ba ka gan shi ba. Cikinsa kuwa fari ne sumul, kuma in ka ƙura ido za ka ga ƴan hudoji ƙanana. Wurin kamu ne. In ya ji ana taɓa ƙofa sai ya hayo da sauri, ya soka farata ko fiƙoƙi a hudojin, ya tokare sauran ƙafafu da bango, ya ja. Za ka ji tsinken na turjewa a hannunka, ƙarfin har ya ba ka mamaki in ka tuna girman mai jan.

Farauta da dare yake yi. Yana ɗan ɗaga marfin kaɗan, ƙafafun gaba a bakin ramin, ya yi lamo. Ido takwas gare shi amma ba su da wani amfani sosai, da motsin ƙasa yake aiki. Gashin ƙafafunsa da wasu ƴan tsagogi a fatarsa suna jin takun gyare ko gara ko tururuwa, har ya gane ta wane gefe abin yake. In ya zo daidai sai ya zabura, kuma galibi ƙafafun baya ba sa barin ramin. Abin da ka gani a bidiyon ke nan, kuma in sun rage gudunsa ne kake iya bin sa da ido. Wasu irin suna ƙara wayo: suna jera ƴan tsinkaye da ganye daga bakin ramin zuwa waje, kowane a ɗaure da zare, duk abin da ya taka ɗaya labari ya iso gida.

Tambayarka ta uku ita ce mai nama, kuma ba za a gane amsarta ba sai an san yadda rayuwarsa take tafiya daga ƙwai zuwa mutuwa. Uwa tana ajiye ƙwai cikin jakar zare a ƙasan ramin. Ƴaƴan suna ƙyanƙyashewa su zauna da ita wata da watanni, sai an yi ruwa ƙasa ta yi laushi su fito, kowa ya taka ɗan abin da zai iya, ya haƙa nasa ramin siriri da ɗan marfinsa. To wannan ramin shi ne gidansa har abada. Yana girma yana faɗaɗa shi, yana ƙara wa marfin baki. Namiji in ya balaga, bayan shekara biyar ko fiye a manyan irin, sai ya bar rami ya fita neman mace, yawanci a daren da aka yi ruwa. Ba ya komawa, kuma ba ya daɗewa bayan nan. Macen kuwa tana nan inda ta haƙa tun tana ƙarama.

Tsawon wane lokaci? A nan ne aka samu amsar da ta girgiza masana. A yammacin Ostareliya, kusa da wani ƙaramin gari mai suna Tammin, kimanin kilomita 180 gabas da birnin Perth, akwai wani guntun daji da aka keɓe, North Bungulla. A 1974 wata masaniya, Barbara York Main, ta fara bin ramukan wani iri mai suna Gaius villosus a wurin, tana kafa ƙarfe mai lamba kusa da kowane rami. Ɗaya daga cikin ƙananan da ta yi wa alama a shekarar ita ce Lamba 16. Ta ci gaba da zuwa duba su shekara da shekaru, har tsufa ya kama ta, wata ɗalibarta Leanda Mason ta karɓi aikin. A ƙarshen Oktoban 2016 aka tarar da marfin Lamba 16 a huje, ramin ya fara lalacewa, alhali wata shida kafin nan tana da rai. Shekararta 43. Kafin ita, gizo-gizon da aka sani ya fi kowa daɗewa wani ne daga Meziko mai shekara 28. An wallafa labarin a 2018, ita kuma Main ta rasu a 2019.

Kana iya cewa, ta yaya aka san ita ce dai, ba wata ce ta gaje gidan ba? Saboda irin nan ba sa shiga ramin da wani ya bari. In mai rami ya mutu, ramin ya mutu. Kuma da alama ba tsufa ne ya kashe ta ba. Hujin marfin aikin wani ƙwaro ne ɗan uwan zanzaro. Ka san yadda zanzaro ke gina ɗakin laka a bango, ya cika shi da tsutsa ko gizo-gizon da ya harba ya sumar, ya yi ƙwai a kai ya toshe. Wannan ɗan uwan nasa ba ya ma wahalar gini, cikin ramin yake bin gizo-gizon ya harbe shi, ya ajiye ƙwansa a jikinsa, tsutsar ta ci shi a gidansa. Saboda irin wannan abokin gaba ne wasu dangin suka samu wata kariya ta ban mamaki. Cyclocosmia, da ake samu a kudancin ƙasar Amurka da Meziko da Sin, bayansa a yanke yake, faffaɗa mai tauri. In an kutsa masa sai ya juya kai ƙasa ya toshe ramin da gindinsa.

Kada ka ji an ce daji ka ɗauka kurmi ne mai duhu irin na Kwango. Wasu irin a kurmi suke, gaskiya, amma dajin Lamba 16 na ƙananan itatuwa ne dangin bagaruwa, a ƙasar da ruwanta bai kai milimita 400 a shekara ba, wato kusan abin da ku ke samu a Tawa, sai dai su a lokacin sanyi yake sauka. Abin da gizo-gizon ke nema a wurin itace ba reshe ba ne. Inuwa yake nema, da ganyen da ke zuba, da ƙasar da ba a taɓa ba.

Fara da ruwa. Dangin nan suna numfashi da wasu huhuna huɗu masu shafi-shafi a ƙarƙashin ciki, kuma jikinsu na saurin bushewa in iska ta yi zafi. Ramin shi ne ke riƙe musu laima, marfin kuma ke hana ta fita. In rani ya tsananta wasu suna liƙe ƙofar da zare daga ciki, su kwanta wata da watanni ba ci, don jikinsu ba ya ƙona abinci da sauri. Amma dabarar tana aiki ne in akwai inuwa da shimfiɗar ganye a sama. A sare itacen, rana ta doki ƙasa kai tsaye, iska ta kwashe ganyen, sai zafi ya ratsa zuwa inda yake. Babba mai zurfin rami yana iya jurewa. Ƙananan da raminsu bai wuce tsawon yatsa ba su ne ke fara tafiya, kuma wurin da ƙananan suka daina rayuwa ya riga ya mutu ko da tsofaffin na nan, sai dai ba za a lura ba sai bayan shekara ashirin.

Sai abinci. Gara da tururuwa da gyare da yake ci, ganye da itacen da ke ruɓewa ne ke tara su. Shi ba ya bin abinci, sai abin da ya biyo ta ƙofarsa. In ganyen ya ƙare, zirga-zirgar ta ƙare.

Sai ƙasar kanta. Garma ta bi ta kan rami sau ɗaya, an gama. Kofaton tumaki yana farfasa marfi, yana daddaɓe ƙasa, yana niƙe tsinkayen da aka jera. Wuta tana cinye marfi da ganyen da ke kewaye. Kuma babbar macen da aka tone daga raminta da wuya ta sake haƙa wani, haƙa daga farko aikin ƙuruciya ne. Yankin da Tammin yake, ƙasar noman alkama ce, an share mafi yawan dajinta a ƙarnin da ya wuce, abin da ya rage guntaye ne nan da can tsakanin gonaki da gefen hanyoyi. Masanan da suka koma wuraren da aka taɓa samun waɗannan gizo-gizo a kudancin Ostareliya sun ba da rahoto a 2017 cewa a wurare da dama sun ragu ƙwarai ko sun ɓace.

Abin da ya fi duka muni shi ne ba ya iya ƙaura. Ƙananan gizo-gizon ɗaki da na gona suna hawa kan ciyawa su saki zare, iska ta ɗauke su ta kai su wata ƙasa. Charles Darwin ya ga irinsu suna sauka a kan jirgin ruwa a 1832, wajen kilomita 100 daga gaɓar Ajantina. Saboda haka in ka ƙone fili yau, baɗi sun dawo. Mafi yawan masu marfi da ƙafa suke tafiya, kuma ƴan mitoci kaɗan daga ramin uwa. Gona guda mai faɗi ta isa ta raba dangi biyu har abada. Wannan ne ma ya sa irinsu ke da yawa: kowane tudu, kowane kwari, nasa ya keɓe shekaru dubbai har ya zama iri dabam. Wani masanin gidan tarihi na Perth, Mark Harvey, a 2002 ya ware irin waɗannan halittu da duk duniyarsu ba ta kai murabba'in kilomita 10,000 ba, kuma masu marfi suna cikin manyan misalansa. Akwai wanda sai a 2023 aka ba shi suna, Euoplos dignitas, babba, a dajin Brigalow na jihar Queensland, kuma ranar da aka raɗa masa suna an riga an share mafi yawan mazauninsa.

Wani abin dariya, wanda ya fi kowa tafiya mai nisa a cikinsu ma bai bar gida ba. Dangin Moggridgea na Afirka ne, wasunsu a jikin ɓawon itace suke yin ɗaki da marfi. Amma akwai iri ɗaya, Moggridgea rainbowi, a tsibirin Kangaroo na Ostareliya. Binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2017 ya nuna kakanninsa sun rabu da na Afirka ne tun bayan da nahiyoyin suka yi nisa da juna, don haka bayanin da ya fi zama shi ne ruwa ya yanko gaɓa ko itace da su a ciki, ya ƙetare da su tekun Indiya, kusan kilomita 10,000, ƙofa a rufe. Gobarar dajin 2019 zuwa 2020 ta ci babban ɓangare na tsibirin.

A Afirka muna da namu. Stasimopus masu kaurin marfi suna kudancin nahiyar, dangin Idiops kuma sun bazu a ƙasashe da yawa har da Afirka ta Yamma. Amma abin da nake so ka ɗauka, tun da na san aikin gandu-daji kake hange, ya wuce gizo-gizo. Mu a Nijar muna da abin alfahari a gyaran ƙasa: layukan dogon yaro na kare iska da aka fara a kwarin Majiya a 1975, aikin Keita da ya fara a 1984, ramukan tare ruwan sama na tassa da rabin wata a wajajen Illela da Badagishiri, da sassaben zamani da ya dawo da miliyoyin itatuwa a gonakin Maradi da Damagaram. Duk aiki ne na gaske. Sai dai muna auna nasara da ƙidayar itace, kuma itace shi ne mafi saurin dawowa. Cikin shekara goma ka samu inuwa, tsuntsaye sun zo, masu fiffike duk sun zo. Masu tafiya a ƙasa da masu zama a rami ba su da inda za su fito sai daga tsohon wurin da ke maƙwabtaka, in akwai shi. A ganina, kadada ɗaya ta tsohuwar geza da sabara da ba a taɓa nomewa ba ta fi kadada goma ta sabon dashe daraja ta wannan fuskar, kuma ita ce ba wanda ke zuwa ɗaukar hotonta ranar bikin dashen itace.

Dubi dajin da ke kan faƙon tuddan kewayen Yamai, wanda in ka hango daga jirgi za ka ga layin itace, layin fili, layin itace. Ruwan da ya sauka a filin yana gangarawa ya nutse a gindin kurmin, ganye ya taru a can, gara ta huda ƙasar, laima ta daɗe. Duk ƙananan halittun wurin a wannan siririn layin suke cunkushe, kuma daga nan ne amalanke da manyan motoci ke ɗebo wa birni itacen girki. In wata rana aka ba ka aikin gyara irin wannan wuri, ka haƙa rabin watanka a faƙon da ya mutu, dab da tsohon kurmin, ka bar gindin kurmin yadda ka same shi. Kada a share ganyen, kada a toya shi.

Batun cizo kuwa gajere ne. Yana da dafi, kamar kusan kowane gizo-gizo, kuma babba in ya kama yatsa za ka ji zafi, wurin ya ɗan kumbura. Irin masu marfin da muka ambata ba a san su da kisa ba, kuma in sun ji mutum ja da ƙofa suke yi, ba fitowa ba. A wanke da ruwa da sabulu, in kumburin ya ƙi sauka ko jiki ya canza a je likita. Wanda ake ruɗa su da shi a intanet shi ne Atrax robustus na birnin Sidni, ɗan reshe ɗaya da su amma raminsa ba marfi. Shi ya taɓa kashe mutane, sai dai tun da aka samo maganin dafinsa a 1981 ba a sake samun mutuwa ba. Kai a Adar, kunama ce abin tsoro, don haka kada ka sa yatsa a kowane rami.

In kana so ka nema, bari sai damina ta zauna. Je wurin da ƙasa ke da ɗan tauri kuma ba a noma: gaɓar ƙorama mai inuwa, gindin tsohuwar geza, ƙasan dutse inda ganye ke taruwa. Rairayi mai zubewa ba ya riƙe rami mai marfi. Ka tsuguna ka sa hasken cocila ya kwanta a kan ƙasa daga gefe, don da haka ne siririn da'irar bakin marfin ke fitowa. Ramin da ka gani a buɗe, mai zagayayyen baki, galibi na gyare ne ko na wani gizo-gizon mai farauta a guje, wanda idonsa ke ƙyalli in ka haska shi da dare. Mai shimfiɗaɗɗen baki kuwa sau da yawa na kunama ne. In ka dace da marfi, ɗaga shi a hankali da tsinke, ka ajiye ƙwandala a gefe don a ga girma, ka ɗauki hoto da salularka, ka mayar da shi yadda yake. Rubuta rana da wuri da irin itacen da ke sama. Kada ka tona. Wanda ya fi amfani ga masu tantancewa shi ne namijin da ke yawo bayan ruwa, don da siffar ƴan hannuwan da ke gefen bakinsa ake rarrabe iri da iri. In ka tsinci ɗaya a mace, ko ya faɗa cikin bokiti, sa shi a ƙaramar kwalba da alkol na kanti, ka rubuta bayanin da fensir a guntun takarda ka jefa ciki, don tawadar biro tana narkewa a alkol.